Gemu Ba Ya Hana Ilmi

Maganar yau ta manya ce, watau magidanta da matan gida da dattawan Farin Dutse da Gwaram da Sara da Birnin Kudu, da sauran garuruwan kudancin Jihar Jigawa. An daɗe ana kiran iyaye su kai 'ya'yansu makaranta, kiran kuwa yana bisa hanya, ba mai musunsa. Amma akwai wani kira da aka yi sakaci da shi, shi ne na su iyayen da kansu. A ƙasar nan an ɗauki karatu kamar kaciya, abin da a kan yi wa yaro sau ɗaya a wuce wurin. Wanda ya sauke Alƙur'ani aka yi masa walima, sai ya rataye allo. Wanda ya sami takardar shaidar sakandare, sai ya ninke ta ya jefa a ƙasan akwati. Wanda ya gama ajin baftisma a coci, sai ya ɗauka ya gama da tambaya ke nan. Wanda kuwa bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba tun yana yaro, da ya ga gemu ya fito sai ya ce shi kam lokacinsa ya wuce, ya haƙura har kabari. Wannan ra'ayi kuskure ne, hasararsa kuma tana da yawa, a gona da kasuwa da asibiti, har da wurin ibada.

Abin Da Ke Kusa

A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai siffofin shanu da mutanen da suka zana a jikin kogo. Shanun ba su da tozo, watau ba irin waɗanda Fulani ke kiwo a yankin yau ba ne. Akwai kuma waɗansu duwatsu masu amo kamar ƙararrawa in an buga su. Kakanni sun san da su, 'ya'ya sun taso sun gan su, makiyaya sun sha fakewa a ƙarƙashinsu in hadari ya taso. Amma sai a tsakiyar shekarun 1950 wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan kayan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya tsaya yana bincike, yana son ya san wa ya yi zanen, da me ya yi shi, ina kuma irin shanun nan suka tafi. A 1956 ya buga bayanin duwatsun nan masu amo, masana na nesa suka ji sunan Birnin Kudu, daga baya Gwamnati ta sa wuraren cikin kayan tarihin ƙasa. Idon Baturen nan bai fi na mutanen gari gani ba, tambaya kaɗai ya fi su da ita. Hausawa kuwa tun da daɗewa suka ce matambayi ba ya ɓata.

Wani zai ce wannan ai zancen ƙoshi ne, ina ruwan talaka da zanen saniya. To, a sauko gona. Manomin riɗi ko wake ya je kasuwar Sara ya sayo maganin feshi. A jikin kwalbar an rubuta yawan da za a zuba a tanki guda, da kwanakin da za a jira kafin a girbe, da gargaɗin kada a haɗa shi da abin da za a ci. In bai iya karantawa ba sai ya dogara ga bakin mai sayarwa, shi kuwa mai sayarwa ciniki ya ke nema. Ta haka a ke ƙona shuka, ta haka kuma guba ke shiga tukunya. Haka magidancin da aka miƙa masa takardar jinginar gona ya dangwala yatsa, sai bayan shekara uku ya ji ashe sayarwa aka rubuta. Haka uwar da aka sallamo daga asibiti da magani iri uku, ta iso gida ta rasa wanne ne na safe wanne ne na dare. Wayar hannu ma, wadda ta shiga kowane ƙauye, ta ƙara wa marar karatu wani sabon nauyi, gama in saƙon banki ya shigo sai ya nemi yaron maƙwabci ya karanta masa, asirin aljihunsa ya zama na unguwa. A duk waɗannan babba ne ke ɗaukar hasarar, ba kuwa zai iya jira sai ɗansa na aji uku ya girma ya fisshe shi ba.

Gadon Musulmi

Abin mamaki shi ne, addinan nan biyu da jama'ar yankin ke bi, ba wanda ya yanke wa neman ilmi shekaru. A wajen Musulmi tsarin karatun gargajiya kansa shaida ne. Yaro ya kan fara yana kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, in Allah ya nufa ya kai alaramma ko gwani, wannan kuwa tafiya ce ta shekaru masu yawa. Sauka ma ƙofa ce ta shiga makarantar ilmi, inda a ke zama a zaure a fara da Ahalari da Ishmawi, a wuce Iziyya da Risala, a kai ga Askari, ban da nahawu da lugga da tafsiri. A irin zauren nan a kan ga mai furfura ya durƙusa gaban malamin da bai wuce sa'ar ɗansa ba, ba kuwa wanda ke ganin abin kunya a ciki. Suratul Kahfi ta kawo labarin Annabi Musa, alaihis salamu, wanda duk da matsayinsa ya yi doguwar tafiya domin ya koyi abin da bai sani ba wurin wani bawan Allah. An kuma ruwaito cewa Imamu Malik, wanda mazhabarsa a ke bi a ƙasar Hausa, an sha kawo masa mas'ala ya amsa cewa bai sani ba, bai ga hakan ya rage masa daraja ba.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa malaman zamaninsa faɗa mai zafi saboda suna koyar da almajiran waje, sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mai da faɗan nan aiki. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji, ta ba kowace jaji malfa alamar izini. Su ne ke jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma gida su koyar. Masu yin tafiyar nan galibi tsofaffi ne da ƙananan 'yan mata, domin matan aure hidimar gida ta riƙe su. Watau tsohuwa mai jikoki ita ce ginshiƙin makarantar. Duk wanda ya ce yau tsohuwar Farin Dutse ta wuce koyo, sai ya faɗi dalilin da ya sa ta Wurno da ta Sakkwato ba su wuce ba fiye da shekara 150 da suka shige.

Gadon Kirista

A kudancin Jigawa da ƙasar Ningi mai maƙwabtaka da ita akwai Kirista 'yan ƙasa, waɗanda da Hausa su ke addu'a, da ita su ke waƙa, da ita kuma su ke karanta Littafi Mai Tsarki. Su ma kiran nan ya shafe su, hujjar kuwa tana cikin littafinsu. Sunan da littafin ya ba mabiyan Yesu Almasihu da Hausa shi ne almajirai, kalmar nan dai da a ke kiran ɗan tsangaya da ita. Almajiri kuwa in ya daina ɗaukar karatu ya tashi daga sunan. A cikin Ayyukan Manzanni an yaba wa mutanen Biriya domin ba su tsaya ga jin wa'azin Bulus kaɗai ba, kullum su kan koma ga littattafai su bincika ko abin da ya faɗa haka ya ke. An ba da labarin Afolos mutumin Iskandariya, masani mai fasahar magana, wanda Akila da matarsa, masu sana'ar ɗinkin tanti, suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani, ya kuwa karɓa. Nikodimu shugaba ne kuma malami cikin Yahudawa, duk da haka ya taka da dare ya je ya yi tambaya. Bulus kansa yana tsare a kurkuku, ya san ƙarshensa ya matso, ya aika wa Timoti ya taho masa da littattafansa da fatun rubutu. In mutumin da ke jiran hukuncin kisa yana neman littafi, wane uzuri ya rage wa wanda ke zaune lafiya a gindin rumbunsa?

Tarihin Kiristan ƙasar Hausa ma tarihin koyo ne. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta aka 'yanta, ya bi Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, har Tambutu, ya isa Ingila a 1855. A can ya zama malamin malaminsa, gama daga bakinsa ne wani fasto mai suna Schön ya rubuta Hausa mai yawa. Ya komo gida, ya ƙare ransa a Kano a 1912 yana aiki a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, bayan aikin shekaru da Dokta Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi. Daga 'yar jama'ar nan ta Zariya da Wusasa Likita Barau Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, da Malam John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Dokta East. A wurare da yawa a zamanin mishan ba a kan yi wa babba baftisma ba sai ya iya karanta littafin da kansa, saboda haka manoma masu 'ya'ya suka riƙa zama a gindin itace suna haɗa baƙi da wasali.

Wannan himma ce ta yi sanyi. A majami'u da yawa na karkara littafin ya zama kayan ranar Lahadi, a ɗauko shi da safe a mai da shi da rana. Makarantar Lahadi an bar wa yara, dattawa suna zaune a waje suna jiran a fara sujada. Wanda bai saba da bincike ba kuwa, duk mai wa'azin da ya zo da lasifika da alkawarin arziki ko warkarwa zai iya tafiya da shi, da ɗan abin da ke hannunsa. Ciwon bai tsaya a coci ba, domin Musulmin da bai san addininsa ba sai abin da ya tsinta a waya, shi ma haka a ke jan sa.

Shekaru kuwa ba hujja ba ne. Tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya koma karatu bayan ya sauka daga mulki a 2007, aka ba shi digirin dokta a ilmin addinin Kirista daga jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, watau NOUN, a farkon 2018, yana da shekara 80. In an ce shi mai hali ne, to ga wanda ba shi da komi. A ƙasar Kenya, da Gwamnati ta mai da firamare kyauta a 2003, wani tsoho mai suna Kimani Maruge ya shiga aji ɗaya a garin Eldoret a 2004 yana da shekara 84, ya sa gajeren wando irin na yara ya zauna cikinsu. Dalilinsa shi ne yana son ya iya ƙirga kuɗinsa, ya kuma karanta Littafi Mai Tsarki da idonsa. A 2005 aka kai shi Amurka ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya rasu a 2009 yana ɗalibi.

Sanin Maƙwabci

Akwai kuma wani ilmi da ya hau kan ɓangarorin biyu, watau sanin maƙwabci. Musulmi da Kirista a yankin nan kasuwa ɗaya su ke ci, rijiya ɗaya su ke sha, wani lokaci ma kaka ɗaya suka haɗa. Amma da yawa ba su san abin da ɗan'uwansu ya gaskata ba sai ta bakin wanda bai taɓa zama da shi ba. Ba a ce kowa ya bar addininsa ko ya gauraya shi da wani ba, gama sanin abu daban, bin sa daban. Kiristan da ya san dalilin da ya sa maƙwabcinsa ke girmama takarda mai ɗauke da aya, ba zai yar da ita a ƙasa ba ko da wasa. Musulmin da ya san matsayin Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryamu a cikin Alƙur'ani, har akwai sura sukutum da sunanta, ya kuma san abin da maƙwabcinsa ke yi a coci ranar Lahadi, ba zai yi saurin gaskata mai tsegumi ba. Fitinar Kafanchan ta 1987, da ta Kano ta 1991, da ta Jos ta 2001, da wadda aka yi a Dutse a 2006 har aka ƙona majami'u, kowace tana da nata dalilai, amma a cikin kowace maganar da ta bi gari ba tare da bincike ba ta taimaka wa wutar. Mutumin da ya saba cewa a ina aka ji, wa ya gani, da wuya a tura shi ya ɗauki gora.

An Taɓa Gwadawa

Karantar da manya ba baƙon abu ba ne a Arewa. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ta da Yaƙi da Jahilci, hedkwatarsa a Zariya, Malam Ahmadu Coomassie na Katsina yana cikin manyan jagororinsa. Aka buɗe azuzuwa a ƙauyuka ta hannun En'e-En'e, hakimai da dagatai suka sa hannu, magidanta suka koyi karatu da rubutu da ɗan lissafi aka ba su takardar shaida. Hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, domin wanda ya koya ya sami abin karantawa. Aka rufe NORLA a 1959. A 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya, a lokacin kuwa Gwaram da Birnin Kudu suna cikin Kano, domin sai a 1991 aka yanke Jigawa. Aikin hukumar ya yi suna har UNESCO ta ba ta lambar yabo a 1983. A 1990 Gwamnatin Tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa baki ɗaya.

Abu biyu tarihin nan ya koyar. Na fari, manyan ƙasar nan suna iya koyo in an buɗe musu ƙofa, kuma in shugabanninsu suka shige gaba. Na biyu, karatu kamar fartanya ya ke, in an ajiye ya yi tsatsa. Wanda aka koya masa baƙaƙe wata shida aka ba shi takarda, sa'an nan bai sake ganin abin karantawa ba, bayan damina biyu ya koma gidan jiya. Saboda haka ajin da bai tanadi abin da ɗalibi zai riƙa karantawa bayan ya fita ba, rabin aiki ya yi.

A nan ne zancen ajami ya shigo. Mutane da yawa a Farin Dutse da kewaye, waɗanda a ke lissafa su cikin jahilai, suna rubuta wasiƙa da ajami, suna rubuta bashin kantinsu da shi, suna karanta waƙoƙin wa'azi da shi. Kiran irin waɗannan jahilai zalunci ne, kuma yana kashe musu zuciya. An riga an rage wa ajami fili, gama an cire shi daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50 a 2007, aka kuma cire shi daga sabuwar naira 100 ta 2014. Duk da haka yana nan a hannun jama'a, shi ne kuwa gada mafi kusa. Wanda ya riga ya gane cewa baƙi da wasali su ke haɗuwa su ba da kalma, ya yi rabin tafiyar boko tun kafin ya shiga aji. Malamin manya da ya fara daga abin da ɗalibi ya sani zai kai shi da sauri. Su ma masu boko, Musulmi da Kirista, ba su da hasara in sun koyi ajami, domin da shi kakanni suka rubuta tarihi da magani da waƙa, da shi ma aka taɓa buga sassan Linjila.

Uzurorin Da A Kan Kawo

Uzuri na fari shi ne icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gaskiya ne harda ta fi sauƙi ga yaro. Amma babba yana da abin da yaro ba shi da shi, watau ya san abin da ya kawo shi. Yaro ana kora shi makaranta da bulala, magidancin da aka taɓa cuta a kan takardar gona kuwa ba ya bukatar mai kora.

Na biyu shi ne rashin lokaci, ciki bai ƙoshi ba ina zancen allo. Wannan uzuri yana da nauyi, ba a raina shi. Da damina kam manomi ba shi da sarari, kuma da rani matasa da yawa su kan tafi ci-rani. Amma daga ƙarewar kaka zuwa faɗuwar ruwan fari akwai watanni masu dama, kuma ba a rasa awa guda bayan lisha wadda a ke kashewa a majalisa ko gidan kallon ƙwallo. Awa guda sau uku a mako, rani biyu a jere, ta isa ta fitar da mai himma daga dangwale.

Na uku shi ne tsoron kada yawan tambaya ya raunana imani. Wannan tsoro yana cikin masallaci yana cikin coci. Lalle akwai tambayar gardama, wadda mai ita ba amsa ya ke nema ba, so ya ke ya kunyata malami. Amma tambayar neman sani ita ce abincin imani. Wanda aka hana shi tambaya a gaban limaminsa ko fastonsa ba zai daina tambayar ba, zai kai ta wurin da ba a san shi ba, ya karɓo amsa daga wanda ba a san asalinsa ba. Malamin da ke fushi da tambaya sai ya duba ko karatunsa ne ya tsaya.

Na huɗu shi ne a ce yaran ma ba su gama shiga makaranta ba, ɗan kuɗin da ke akwai gara a kashe musu. Ai abin ba kishiyar juna ba ne. Uban da ya ɗanɗana karatu ba ya cire ɗansa daga aji ya tura shi kiwo, uwar da ta iya duba littafin 'yarta ita ke gane ranar da malami bai zo ba. Tun daga shirin firamare kyauta na 1976 har zuwa na 1999 an gina azuzuwa da yawa, amma aji ba ya riƙe yaron da gidansu bai ga amfanin ajin ba.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Aikin ba ya bukatar sabon gini. Azuzuwan firamare a wofi su ke kwana daga azahar zuwa safiya, ga zaurukan masu unguwanni, ga harabar masallatai da majami'u, fitila mai aiki da hasken rana kuwa yanzu ba ta gagari ƙungiya ba. Malamai ma akwai su, watau tsofaffin malaman makaranta da suka yi ritaya, da samari da 'yan matan da suka gama kwalejin horon malamai suna zaune ba aiki. Abin da ya rage shi ne ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu, tare da hukumar ilmin manya ta jiha, su sa ɗan alawus ɗin malaman nan cikin kasafi, su kuma biya shi a kan lokaci, gama ajin da malaminsa ya yi wata uku ba a biya shi ba watsewa ya ke yi. Mata a ba su nasu lokacin tsakanin azahar da la'asar, mace ta koya musu, a Islamiyyar matan aure ko a Zumuntar Mata. Darasi kuma a ɗauko shi daga rayuwar ɗalibi, a karanta kwalbar maganin feshi, da katin asibiti, da takardar cinikin gona, da saƙon waya. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da ta jiha da ke Kafin Hausa, suna iya taimakawa da rubuta ƙananan littattafai cikin boko da ajami a kan noma da kiwo da lafiya da tarihin yankin.

Amma duk wannan ba zai tsaya ba sai manya sun kashe kunya, kunyar kuwa daga sama a ke kashe ta. Ranar da aka ga dagaci ko mai unguwa ya ɗauki fensir ya zauna a benci, ranar da aka ga limami ya tafi ƙarin karatu wurin wanda ya fi shi, aka ga dattijon ikilisiya ya shiga ajin nazarin littafi ya ɗaga hannu ya yi tambaya, daga ranar ba talakan da zai ƙara cewa ya girma. Masu dariya kuwa a bar su, kwana kaɗan za su yi, su ne za su zo daga baya suna neman a karanta musu wasiƙa.

Saboda haka kowane magidanci da kowace uwar gida su zaɓi abu guda da ba su sani ba, su nemi wanda ya sani kafin ruwan bana ya sauka, ko da ɗan cikinsu ne. Allah ya buɗe zukata, ya ba shugabanni ikon tsayawa a kan aikin nan, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.